Wane ne mutum, kuma mene ne nasa?

A shekarar 1976 likitoci a asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles suka cire wa wani mutum mai suna John Moore saifarsa, saboda wata irin sankarar jini da ta kumbura ta ƙwarai. Aikin ya yi nasara, Moore ya samu sauƙi ya koma gidansa a Seattle, amma likitansa, David Golde, ya ci gaba da kiransa yana zuwa har 1983, ana ɗibar jininsa da ɓargonsa da sunan bibiyar lafiyarsa. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, ƙwayoyin halittar da aka samu a cikin saifar suna fitar da wasu sinadarai masu daraja a wurin kamfanonin haɗa magunguna, an raya su a ɗakin gwaje-gwaje suna ta hayayyafa, kuma a 1984 an ba jami'ar takardar mallakar ƙirƙira a kansu. Da ya gano, sai ya kai ƙara yana cewa an ci masa dukiya. A 1990 Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta raba hukuncinta gida biyu: ta ce yana da damar tuhumar likitan da cin amana, tunda bai bayyana masa cewa yana da riba a cikin aikin ba, amma ta ce ƙwayoyin da aka riga aka cire daga jikinsa ba dukiyarsa ba ne, don haka ba zai ce an ƙwace masa su ba.

Duk wanda ya ji wannan hukunci karon farko ransa zai sosu, domin idan har naman jikin mutum ba nasa ba ne, to me ya rage da za a ce nasa ne? Sai dai tambayar ba ta tsaya a nan ba. Kafin a ce abu kaza na wane ne, dole a san wane ne wanen, a san inda ya fara da inda ya ƙare, a kuma san abin da ya sa mutumin da aka kwantar a gadon tiyata a 1976 shi ne dai wanda aka yanke wa hukunci bayan shekara 14. An saba ɗaukar waɗannan a matsayin tambayoyi biyu, ɗaya ta malaman falsafa ɗaya ta lauyoyi, ni kuwa a ganina igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma abin da na fahimta shi ne, gwargwadon kusancin abu da mutum, gwargwadon yadda yake fita daga hukuncin dukiyar da ake saye da sayarwa.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce jiki, wato mutum shi ne wannan gangar da muke gani tana tafiya. Amma gangar ba ta zaune wuri ɗaya. Jajayen ƙwayoyin jini ba sa wuce kimanin kwana 120 kafin wasu su maye gurbinsu, ƙwayoyin da suka lulluɓe cikin hanji ba sa cika mako guda, fata kuwa kullum cikin saɓa take ba tare da mai ita ya lura ba. Daga nan ne aka samo maganar nan da ta yaɗu cewa jiki yana sabuntuwa gaba ɗaya duk shekara bakwai, wadda ba ta da tushe. A 2005 Jonas Frisén da abokan aikinsa a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka fito da wata dabara ta gane shekarun ƙwayar halitta. Gwaje-gwajen makaman nukiliya da aka yi a sarari kafin yarjejeniyar hana su ta 1963 sun ƙara yawan wani nau'in kabon a cikin iska, daga baya yawan ya riƙa raguwa shekara bayan shekara, saboda haka kowace ƙwaya tana ɗauke da alamar lokacin da ta samu. Da suka auna, sai suka tarar ƙwayoyin jijiya na ɓawon ƙwaƙwalwa sa'annin mai su ne, tare suka zo duniya kuma tare za su bar ta. Ke nan a jiki ɗaya akwai baƙon kwana biyar, akwai kuma wanda yake nan tun haihuwa. Duk da haka ba mu taɓa cewa wanda aka yanke wa ƙafa ya rage zama kansa ba, kuma wanda aka dasa wa zuciyar wani ba ya gadar bashin mai zuciyar.

Sinadarin gado na DNA da zanen yatsa ba su buƙatar dogon bayani, domin aikinsu na gane mutum ne kawai. Tagwaye masu kama ɗaya sun fito daga ƙwai ɗaya, gadonsu kusan ɗaya ne, amma ba wanda zai hukunta ɗaya da laifin ɗan'uwansa. Wanda aka yi wa dashen ɓargo kuwa, idan aka gwada jininsa DNA ɗin wanda ya ba shi ɓargon za a gani, alhali shi yana nan yadda yake. Tun da Alec Jeffreys ya gano hanyar gane mutum ta DNA a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1984 'yan sanda da kotuna suka samu makami mai kaifi, amma alamar da ake gane mutum da ita daban, mutumin da aka gane daban.

Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bi ta wata hanya a cikin littafinsa Asshifa. Ya ce a ƙaddara an halicci mutum farat ɗaya, cikakke mai hankali, an rufe masa ido, an rataye shi a sarari inda ko iska ba ta taɓa shi, an ware gaɓoɓinsa ta yadda wata ba ta shafar wata. Wannan mutum bai san yana da hannu ko ƙafa ko ciki ba, amma ba zai yi shakkar cewa shi yana nan ba. Ibnu Sina ya kafa hujja da wannan cewa rai wani abu ne dabam da jiki. Ina ganin hujjar tana da ƙarfi wajen nuna cewa akwai wani sanin kai da ba ya jiran ido ko kunne, sai dai ba ta gaya mana wane ne wannan da aka rataye ba. Ba shi da suna, ba shi da jiya, ba wanda yake binsa bashi, kuma da za a rataye mutum dubu a haka, da babu abin da zai bambanta ɗaya da ɗaya. Abin da muke nema shi ne abin da ya sa wane ya zama wane, ba wani ba.

A nan ne John Locke, malamin falsafa ɗan Ingila, ya shigo, a babin da ya ƙara cikin bugu na biyu na littafinsa kan fahimtar ɗan Adam a 1694. Shi a wurinsa mutum yana miƙewa ne zuwa baya iyakar inda tunawarsa ta kai, duk aikin da hankalinsa na yau zai iya riskowa a matsayin nasa, to nasa ne. Ya kawo misalin ɗan sarki da baduku: da za a ɗauke hankalin ɗan sarki da duk abin da yake tunawa a zuba a jikin baduku, to wanda zai tashi da safe a rumfar dukanci ɗan sarkin ne, kuma shi za a tambaya kan abin da ɗan sarkin ya aikata, ko da duk maƙwabta sun rantse baduku suke gani. Maganar tana da daɗin ji, kuma kusan kowa yana jin ta a ransa, domin idan mutum ya so ya tabbatar wa tsohon abokin da suka daɗe ba su haɗu ba cewa shi ne, abin da suka yi tare yake tuna masa.

Thomas Reid, malamin falsafa ɗan Sikotland, ya rushe wannan magana a 1785 da misali guda. Yaro ne aka yi wa bulala a makaranta saboda ya saci 'ya'yan itace a gonar wani, ya girma ya zama hafsan soja ya ƙwace tutar abokan gaba a yaƙinsa na farko, ya tsufa ya zama janar. Lokacin da yake hafsa yana tuna bulalar, lokacin da ya zama janar yana tuna tutar amma ya manta bulalar sarai. A bisa ƙa'idar Locke hafsan shi ne yaron, janar ɗin shi ne hafsan, amma janar ɗin ba shi ne yaron ba, wanda kuwa hankali ba zai ɗauka ba. Masu kare Locke sun amsa da cewa ya isa a samu tunawa mai kama da sarƙa, kowace gaɓa tana riƙe da ta kusa da ita, kuma wannan gyara ne mai kyau. Amma ba a nan gizo yake saƙar ba.

Henry Molaison yana da shekara 27 a 1953 lokacin da wani likita a Hartford ta Amurka, William Scoville, ya cire masa wani sashe na ƙwaƙwalwa daga ɓangarori biyu domin ya rage masa farfaɗiyar da ta hana shi sakat. Farfaɗiyar ta ragu, amma daga ranar bai ƙara iya ajiye wani sabon abu da ya faru da shi ba. Zai gaisa da mutum su yi hira, mutumin ya fita ya dawo bayan 'yan mintoci, Molaison ya sake gaishe shi gaisuwar baƙo. Brenda Milner, mai binciken da ta fara nazarinsa, ta ba shi wani aiki mai wuya: ya bi layin hoton tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai. Kwana uku a jere yana yi, kullum hannunsa yana ƙara ƙwarewa, kurakuransa suna raguwa, amma kullum sai ya ce bai taɓa ganin wannan aiki ba. Ya rayu a haka shekara 55, har ya rasu a 2008. Sarƙar tunawarsa ta tsinke tun yana saurayi, amma waɗanda suka zauna da shi, ciki har da Suzanne Corkin wadda ta yi shekaru fiye da 40 tana aiki da shi, sun siffanta shi da mutum mai ladabi, mai haƙuri, mai barkwanci, mai son taimakon masu bincike. Babu wanda ya yi shakkar cewa Henry na jiya shi ne Henry na yau, kuma da wani ya zalunce shi ranar Litinin, da ba zai kuɓuta ranar Talata da hujjar cewa wanda aka zalunta ya manta ba.

Abin da ya saura ga Molaison bayan tunawa ta tafi shi ne hali, kuma Hausawa sun daɗe da cewa hali zanen dutse ne. Binciken zamani ya goyi bayan wannan ta wata fuska. A 2015 Nina Strohminger da Shaun Nichols suka tambayi iyalan majinyata masu cututtukan ƙwaƙwalwa iri uku ko suna jin majinyacin nasu ya zama wani mutum dabam. Abin da suka samu shi ne, mantuwa, duk da zafinta, ba ita ce ta fi sa iyali su ji kamar baƙo ne a gabansu ba. Abin da ya fi sa su jin haka shi ne canjin ɗabi'a, wato mai gaskiya ya koma maƙaryaci, mai tausayi ya koma mai bushewar zuciya. Tsohon labarin Phineas Gage ma haka ya nuna. A 1848, yana shugaban ma'aikatan shimfiɗa layin dogo a jihar Vermont, nakiya ta tashi ta harba wani sandan ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya ya shiga ta kumatunsa ya fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba, bai manta sunansa ko 'yan'uwansa ba, amma likitansa John Harlow ya rubuta cewa ya koma mai zafin rai da ashar, har abokansa suka ce wannan ba Gage ba ne. An yi wa labarin ƙarin gishiri da yawa daga baya, kuma ya kamata a faɗi cewa mutumin ya yi shekaru yana tuƙa keken doki na fasinja a ƙasar Chile, aikin da ba ya yiwuwa sai da natsuwa da iya zama da mutane, abin da ke nuna cewa zanen dutsen ma yana iya gogewa, kuma ana iya sake zana shi.

Saboda haka ban yarda a ce hali shi kaɗai ne mutum ba, domin da haka ne da wanda ya tuba ya gyara halinsa ya kuɓuta daga haƙƙin waɗanda ya cuta kafin tubarsa. Abin da na fi gamsuwa da shi yana cikin maganar Locke ɗin dai, a wani wuri da ba a cika kula da shi ba, inda ya ce batun wane ne mutum batu ne na shari'a, na jingina aiki ga mai shi da sakamakonsa. Mutum shi ne wanda ake tambaya ya amsa. Jiki yana ɗauke da shi, tunawa tana taimaka masa, hali yana bayyana shi, amma abin da ya haɗa yaron da aka yi wa bulala da tsohon janar shi ne rayuwa ɗaya ce da ba ta yanke ba, kuma duk abin da aka aikata a cikinta yana kan wuyan mai ita. Alƙur'ani ya faɗi wannan a Suratul Muddassir, cewa kowane rai jingina ne ga abin da ya aikata, ya kuma faɗa a Suratun Najmi cewa wani mai ɗaukar kaya ba ya ɗaukar kayan wani. Alƙawarin da mutum ya ɗauka yana da shekara 25 yana nan a kansa yana da shekara 60, ko da jininsa ya sabunta sau ɗari a tsakani, kuma ba ya iya sayar da shi ko ya ba da shi kyauta.

Wannan bai sa mutum ya zama shi ya gina kansa shi kaɗai ba. Sunansa wani ne ya raɗa masa, harshen da yake tunani da shi ya tarar ana magana da shi, shekarunsa na farko ma sai dai a ba shi labari, kuma abin da wasu suka riƙe wa mutum wasu suna iya sace masa. A lokacin mulkin soja a Ajantina, daga 1976 zuwa 1983, an riƙa kama mata masu ciki, a bar su su haihu a tsare, a kashe su, a ba da jariran ga wasu iyalai da takardun haihuwa na jabu. An ƙiyasta yaran sun kai kimanin 500. A 1977 kakannin waɗannan yara mata suka kafa ƙungiyar da ake kira Kakannin Dandalin Mayo, kuma da taimakon masana irin su Mary-Claire King aka samar da gwajin jinin da zai haɗa jika da kakarsa ko da iyayen ba sa raye. Sun gano jikoki fiye da 130, kuma fafutukar Ajantina ce ta sa aka saka sashe na 8 a Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wanda ya wajabta wa ƙasashe kare asalin yaro, da sunansa, da ƙasarsa, da danginsa. A 2014 shugabar ƙungiyar, Estela de Carlotto, ta samu nata jikan bayan shekara 36 tana nema. Mai kiɗa ne da ya tashi da sunan Ignacio, shi da kansa ya kai jininsa a gwada. Mahaifiyarsa ta sa masa suna Guido kafin a kashe ta, amma da ya zo gyara takardunsa sai ya ɗauki sunayen dangin mahaifinsa da na mahaifiyarsa na gaskiya, ya bar Ignacio a inda yake. Ina ganin ya yi daidai, domin asalin da aka sace masa nasa ne kuma ya karɓa, amma shekara 36 da ya rayu yana amsa wancan suna su ma nasa ne, ba wanda ya rayu su a madadinsa.

Idan aka dawo kan mallaka, sai a ga Locke ɗin nan ne ya shuka maganar da ta rikita al'amarin, inda ya rubuta a littafinsa kan mulki cewa kowane mutum yana da mallakar kansa, kuma daga wannan mallaka ne yake samun haƙƙin abin da ya yi wa aiki da hannunsa. An yi amfani da wannan magana wajen yaƙar zalunci, kuma ta yi aiki, amma idan aka bi ta har ƙarshe sai ta kai inda mai ita bai nufa ba, domin abin da mutum ya mallaka yana iya sayarwa. John Stuart Mill, wani malamin falsafa ɗan Ingila, wanda ya rubuta a 1859 cewa mutum shi ne sarki a kan jikinsa da hankalinsa, shi da kansa ya ce wannan sarauta ba ta kai ga mutum ya sayar da kansa bawa ba, tunda 'yancin da za a yi amfani da shi a kashe 'yanci ba shi da ma'ana. Dokokin ƙasashe sun bi wannan hanya a kan gaɓoɓi. Amurka ta haramta cinikin gaɓoɓin dashe a 1984, kusan duk duniya haka take, Iran ce kaɗai ta tsara biyan mai ba da ƙoda a hukumance tun 1988. Mutum yana iya ba ɗan'uwansa ƙoda kyauta a yaba masa, amma ba ya iya kai ta kasuwa. Masu sukar wannan suna cewa munafunci ne, tunda likita da asibiti duk ana biyansu sai mai ƙodar ne kawai aka ce ya yi don Allah, kuma sukar tana da nauyi. Sai dai duk inda aka buɗe irin wannan kasuwa, ko a ɓoye ko a sarari, matalauci ne yake sayarwa, kuma ban ga yadda za a kira abin da bashi ya tilasta da sunan zaɓi ba.

Labarin Henrietta Lacks ya ƙara wani abu da shari'ar Moore ba ta taɓo ba. A 1951 aka yanki ɗan nama daga sankarar bakin mahaifarta a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ba tare da an gaya mata ba, ta rasu a watan Oktoba na shekarar tana da shekara 31. Ƙwayoyinta su ne na farko na ɗan Adam da suka ci gaba da hayayyafa a ɗakin gwaje-gwaje ba tare da sun mutu ba, aka sa musu suna HeLa, aka yi amfani da su wajen gwada rigakafin shan inna da dubban bincike bayansa, iyalinta kuwa ba su san da wannan ba sai bayan fiye da shekara 20. A 2013 wasu masana a Jamus suka wallafa cikakken tsarin gadon waɗannan ƙwayoyi a intanet ba tare da sun tuntuɓi kowa ba, sai jikokinta suka nuna cewa abin da aka baje a bainar jama'a ya shafi jininsu su ma, da cututtukan da mai yiwuwa suka gada. A shekarar ne hukumar binciken lafiya ta Amurka ta cimma yarjejeniya da iyalin, aka sa wakilansu a kwamitin da ke ba da izinin duba bayanan. To, na wane ne wannan gado? Da Henrietta ta sayar da shi da ranta, da ta sayar da sirrin jikokin da ba a haifa ba tukuna.

Abin da ya ɓata wa Moore da iyalin Lacks rai, idan aka duba da kyau, shi ne an yi abu da jikin mutum a bayan idonsa. Haƙƙin da mutum yake da shi a kan abubuwan da suka fi kusa da shi haƙƙi ne na a tambaye shi, a gaya masa gaskiya, ya yarda ko ya ƙi, kuma wannan ya fi kama da riƙon amana fiye da mallakar kadara. Ba na cewa ribar da aka samu ba ta da muhimmanci, domin rashin adalci ne kowa ya ci moriyar abu ban da wanda aka samo shi daga jikinsa, amma ana iya gyara wannan ta hanyar sharaɗi a cikin izinin, ba sai an mai da saifa haja ba.

A zamanin nan mafi yawan abin da ake ɗiba daga mutum ba da wuƙar tiyata ake ɗiba ba. Inda ya je, da abin da ya nema a intanet cikin dare, da wanda ya kira, da hoton fuskarsa, duk suna ajiye a kwamfutocin kamfanoni, kuma wanda ya tara su yana iya sanin abin da mai su bai gaya wa kowa ba. A 2018 ta bayyana cewa kamfanin Cambridge Analytica, mai yi wa 'yan siyasa aikin yaƙin neman zaɓe, ya samu bayanan mutanen da yawansu zai iya kaiwa miliyan 87 daga Facebook, alhali mafi yawansu ba su taɓa amsa tambayoyin manhajar da aka yi tarkon da ita ba, abokansu ne suka amsa. Shekara huɗu kafin nan, a watan Mayun 2014, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kan ƙarar wani mutumin Sifen wanda duk lokacin da aka rubuta sunansa a Google sai wata sanarwar jarida ta 1998 ta fito, ta gwanjon gidansa saboda bashin da ya riga ya biya tuntuni. Kotun ta umarci Google ya cire mahaɗin daga sakamakon neman sunansa, amma ba ta ce jaridar ta goge sanarwar ba. Ba zan ambaci sunan mutumin ba, ko da yake shari'ar ta sa duniya ta san shi da abin da ya so a manta. Hukuncin ya burge ni saboda bai ce tarihin mutum dukiyarsa ce da zai goge idan ya ga dama ba, abin da ya faru ya faru kuma yana nan a rubuce, abin da kotun ta hana shi ne bashin da aka sauke tun da daɗewa ya zama shi ne abin da za a fara gani duk lokacin da aka nemi sanin mai shi.

Shari'ar da na fi jinjinawa ita ce ta Jamus. A 2012 jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kashe wata yarinya mai shekara 15 a Berlin, iyayenta suka so su karanta saƙonninta na Facebook domin su san ko haɗari ne ko ita ta jefa kanta. Kamfanin ya riga ya kulle shafin ya mai da shi na tunawa da mamaci, ya ƙi buɗewa, yana cewa waɗanda suka yi mata rubutu suna da haƙƙin sirri. Kotun ɗaukaka ƙara ta Berlin ta goyi bayan kamfanin a 2017, amma a watan Yulin 2018 babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe ta juya hukuncin, ta ce yarjejeniyar da yarinyar ta ƙulla da kamfanin tana shiga cikin gado kamar yadda wasiƙu da littafin sirri na takarda suke shiga. Babu mai tausayi da zai so a hana waɗannan iyaye amsar da suke nema, kuma a wannan shari'a ina tare da su. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne kwatanta shafin da damin wasiƙu, domin wasiƙun da mutum ya ajiye ya zaɓe su ne ɗaya bayan ɗaya, ya yaga waɗanda bai so a gani ba, shi kuwa shafi yana riƙe da komai, har da abin da ƙawa 'yar shekara 15 ta rubuta da tsakar dare tana zaton mutum ɗaya ne zai karanta. Rabin kowace hira a cikin shafin ta wani ce da yake raye, kuma a duk tsawon shari'ar, daga kotun farko har zuwa Karlsruhe, kamfanin da yake kare nasa muradin ne kawai ya yi magana da yawun waɗannan yara.